Shekarar da Aka Duba Inna ta Waya

Na tsallake zancen lakwal, wato makarantar boko, da aurena da haihuwarku, don kun sha jin su a bakina har kun gaji. Abin da ba ku taɓa ji daga gare ni ba shi ne maganar ciwon kakarku Inna, alhali kun ji ta a bakin kowa. Kun ji a gidan Kawu Idi, kun ji a wurin biki da suna, har autarku ta taɓa dawowa gida idonta jawur tana tambayata ko gaskiya ne ni na ɗauki Inna lafiyarta ƙalau na kai ta gidan likita a shekarar korona, aka dawo da ita ba baki ba hannu. Na yi shiru, don kawunku yayana ne, ciki ɗaya muka fito, kuma ban so ku riƙa kallonsa da wani ido. Yanzu ƙarfina ya soma raguwa, ba na so in kwanta dama in bar ku da rabin magana. Ga ta nan yadda ta faru, Allah shi ne shaidata.

Inna ta daɗe da hawan jini, abin da mu nan Dakoro muke cewa tansiyo. Tun bayan rasuwar Baba take shan magani, kuma kowane wata ni ke raka ta gidan likitan unguwarmu. Shugaban masu jinya na wurin, wanda kowa ke kira Majo, ya san ta kamar uwarsa. Zai ɗaura mata abin awo a damtse, ya buɗe idonta ya duba, sannan ya durƙusa ya danna babban yatsansa a ƙwaurinta ya ga ko wurin zai lotsa. Ita kuwa ba ta taɓa barinsa ya gama ba ta tsokane shi ba.

"Majo, kai dai kullum sai ka matse mini ƙahwa kamar mai sayen akuya."

"Inna, ai akuyar da ke shan kanwa a ɓoye dole a matsa ta. Ki hwaɗa mini gaskiya, miyar jiya gishiri nawa?"

"Tambayi wannan 'yar sandar da ka sa mini," sai ta nuna ni da haɓa.

Haka muke, ba wani abin a zo a gani ba. Amma da wannan yatsan da wannan tsokanar Inna ta yi shekaru tana tafiya da ƙafarta, tana zuwa gaisuwar mutuwa har ƙauyen Rumbu.

Sai korona ta zo. Kun tuna yadda aka rufe masallatai, aka ce kada a yi musabaha, aka ce a rufe hanci da baki. Gidan likita ya canza kama. An aje bokitin wanke hannu a ƙofa, an kafa tanti a can gefe don waɗanda ake zargi, gardi ya samu wata 'yar bindigar roba da yake nuna wa mutane a goshi don auna zafin jiki. Ban ce cutar ƙarya ba ce, kada ku ɗauke ni cikin masu faɗin haka. Na yi koleji, ina sauraron rediyo, na san mutane sun mutu a duniya. Abin da ke ƙona mini rai daban ne: an zuba ido ga cutar da ake jira ta shigo ta ƙofa, an juya baya ga wadda ta riga ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

Watan da muka koma awo, muka iske baƙi sun zo daga babban birni, masu bincike. Aka tara tsofaffi masu tansiyo da ciwon sukari a ƙarƙashin itacen bedi, nesa-nesa da juna. Wani mutum mai fararen kaya ya yi bayani ta cikin takunkumi, rabi Faransanci rabi Hausa. Ya ce tsofaffi su ne cutar ta fi kayarwa, don haka ba a so su riƙa zuwa cikin taro. Za a gwada wata hanya: a ba su maganin da zai kai su watanni, a riƙa kiransu ta waya ana tambayar jikinsu, a ga ko hakan zai wadatar. Wallahi da na ji, ban ga aibun abin ba. Aka tambayi Inna ko ta yarda. Ita da ba ta ji rabin zancen ba, ta gyaɗa kai yadda take gyaɗa wa duk wanda ya yi mata magana da ladabi. Shi ke nan, an ce ta yarda.

Ranar kawunku ne ya kawo ta bisa moto, wato babur, ni na biyo da ƙafa. Da aka zo kanmu, mutumin ya tambaya, "Wa ke da alhakin tsohuwa? Lambar wa za mu riƙa kira?"

"Ni ne babba," in ji kawunku, ya fara karanto lambarsa.

Na ce, "Yaya, ko a ba su tawa? Kai kullum kana kasuwa, ni kuwa kullum ina wurinta."

Ya juyo ya dube ni gaban mutane. "Ke Balki, a gidan wani kike. Uwata tana gidana, a kira gidan wani a tambayi lahiyarta? Mi za a ce da ni?"

Mutumin ya ɗaga kai ya kalle mu, ya kalli jerin tsofaffin da ke jira, ya ɗauki lambar kawunku ya ce na gaba ya matso. Wayar salulata tana ƙulle a haɓar zanena, a nan ta kwana.

A nan ne nake so ku tsaya ku fahimta, don ku 'yan zamani ba lalle ku gane ba. Kawunku ɗan fari ne. Tun da Inna ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Da yake fataucin dabbobi yake yi, in za ta yi zancensa sai ta ce "mai dabbobin nan". Ba ta cin abinci gabansa, ba ta haɗa ido da shi. In ya zo gaishe ta, daga bakin ƙofar ɗaki yake durƙusawa, ita tana ciki ta juya fuska bango, ya ce "An kwana lahiya?" ta ce "Lahiya lau", ya tashi. Iyakar hirarsu ke nan tun yana yaro har ya yi furfura. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kuma a wurin su Inna ita ce mutunci. Matarsa kuwa suruka ce, kunya kan kunya. To ku duba: duk faɗin duniya, mutum ɗaya da Inna za ta gwammace mutuwa da ta ce masa ƙafarta ta kumbura ko fitsarinta ya ragu, shi aka naɗa ya zama bakinta a wurin likita. Kowace mace mai dakan gero a garin nan ta san wannan. Majo ma ya sani, amma ranar an tura shi can wajen tanti. Waɗanda suka tsara abin kuwa sun tambayi lamba, ba su tambayi wa ke shiga ɗakin ba.

Zafi ya shigo, azumi ya kama a tsakiyarsa. Inna ta ce sai ta yi azuminta, na roƙe ta, ta ce in bar ta da Ubangijinta. Kullum da hantsi, in na gama aikin gidana, nakan je in share mata ɗaki in shafa mata man shanu a ƙafa. A haka na ga takalminta ya daina shiga. Bayan kwanaki ƙwaurin ya yi sumul yana sheƙi. Ta fara sallah a zaune, ta fara jingina da bango in za ta yi barci, wai in ta kwanta a miƙe numfashi na tsere mata. Kanta kuwa, ta ce kamar ana daka a ƙeyarta. Ni take faɗa wa, ni kaɗai, murya ƙasa-ƙasa, tana kallon ƙofa kada surukarta ta ji.

Na kira kawunku, ya ɗauka a kasuwar Badar Gula, kukan shanu har ya fi muryarsa.

"Yaya, jikin Inna ba daɗi. Mutanen likita sun kira kuwa?"

"Sun kira, ko jiya sun kira. Na ce musu lahiya lau."

"Lahiya lau? Yaushe rabonka da ganin ƙahwarta?"

"Subhanallahi, ƙahwar uwata zan tsaya kallo? Na gaishe ta kahin in hito, da bakinta ta ce lahiya lau. Ƙarya zan yi mata?"

Ba ƙarya ya yi ba, nan ne abin ya fi ciwo. Ya tambaya, an ba shi amsa, ya isar. Can kuma wata baiwar Allah ta tambaya, an ba ta amsa, ta aje waya. Kowa ya yi aikinsa, Inna tana kumbura.

Na tafi gidan likita ni kaɗai. Gardi ya nuna mini bindigarsa, ya ce ba a shiga sai mai zazzaɓi, ko tari, ko naƙuda, ko rauni. Na ce ba inda zan je sai na ga Majo. Na tsaya cikin rana har ya fito, ya rame, shatin takunkumi ya kwanta masa a fuska. Na faɗa masa abin da na gani. Ya ce labarin da ke zo masa daga masu kiran waya shi ne Inna tana nan ƙalau. Na ce to a canza lamba a sa tawa. Ya ce ba a hannunsa take ba, masu kira suna can birni, shi sakamako kawai ake turo masa, zai dai aika musu.

"Amma Balki, kada ki jira su. Kawo mini ita in gan ta da idona. Gobe-goben nan."

Da kawunku ya dawo da la'asar na same shi a zaure na faɗa masa. Ya tashi tsaye.

"Tsohuwa mai haki za ki kai wurin? Suna jin numhwashinta za su ce korona ce. Su jehwa ta tanti, su hana mu ganinta. In ta cika can, ba wanka, ba sutura irin tamu, a naɗe ta cikin leda. Kin ji abin da ake hwaɗi ko ba ki ji ba? Ban yarda ba. Likitoci sun ce a bar ta gida, a bar ta gida."

Zan yi masa adalci: tsoronsa ba na banza ba ne, duk gari da shi ake kwana, ni ma yana cikina. Na koma gida na yi alwala na yi nafila, na faɗa wa babanku. Ya ce, "Uwarki ce. Abin da za ki iya tsayawa da shi gaban Allah, yi shi." Da safe, kawunku ya fita kasuwa, na nemi amalanken maƙwabcinmu, na shimfiɗa katifa, na shiga ɗakin Inna. Ban ɓoye mata komai ba, na ce mai dabbobi ya hana.

Ta daɗe tana kallon ƙafafunta. Sannan ta ce, "Ɗauko mini lulluɓina. In ya yi hwaɗa, ki ce ni na ce."

Ku riƙe wannan. Ba a sume na ɗauke ta ba, ba da dabara ba. Da bakinta ta ce.

Kafin mu ɗora ta, mu lallaɓa da jaki a cikin rairayi, rana ta take. Muka isa tana haki, zufa ta jiƙa lulluɓin. Gardi ya nuna mata bindiga a goshin da ya sha rana tun daga gida, abin ya yi ƙara. Ya ja da baya. Na ce Majo ne ya ce in kawo ta, tansiyo ce, ba tari take ba. Ya ce shi doka aka ba shi: zafi da haki, tanti. Na ce a kira Majo. Ya ce Majo yana kan wata mai haihuwa da jini ya ɓalle mata, ba mai taɓa wanda ke tanti kuma sai ya sa kayan kariya. Aka shigar da Inna tantin roba, a watan da ko kaza ba ta yawo da rana, aka ce in tsaya bayan igiya. Ina hango ta zaune bisa benci, ta dafe kai da hannu biyu. Na yi magiya, na yi kuka, na yi abin da ban taɓa yi ba a rayuwata, na ɗaga murya ga namijin da ba muharramina ba. Abin awon tansiyo yana nan cikin ɗaki, taku kaɗan, ba wanda ya isa ya ɗaura mata don ana jiran a tabbatar ba ta da cutar da ba ta da ita.

Da Majo ya fito, hannunsa ko bushewa bai yi ba, bai tsaya sa rigar roba ba, ya faɗa tantin. Na ga ya auna, ya sake aunawa, ya ɗago ya dube ni, na gane. Ya sa aka ɗauke ta zuwa ciki, ya yi mata allura, ya aika a nemo mota zuwa babban asibiti. Kafin motar ta zo, Inna ta kira sunana, sai na ji sunan ya fito a karkace. Bakinta ya ja gefe, hannun dama ya faɗi bisa gado kamar ba nata ba. Sunana ne kalma ta ƙarshe da ta fito daga bakinta, ita ma rabi.

An ɗauki majinarta don gwaji, sakamako ya dawo daga baya ba korona. Amma labari ya riga ya zaga gari cewa an sa Inna a tanti. Da muka dawo da ita gida, matar da ba a yi rashin lafiya a unguwa ba ta kai kunu ba, ba wanda ya leƙo dubiya. Maƙwabta suna gaisuwa ta kan katanga. Ni na kwashe kayana na koma ɗakinta, ina juya ta, ina wanke ta, ina ɗura mata kunu da cokali. Kawunku kuwa ya zauna a zaure yana faɗa wa duk wanda ya tsaya:

"Lahiyarta lau a gida. Ko mutanen likita sun shaida, duk kiran da sunka yi lahiya lau ne. Balki ce ta ɗauke ta cikin rana ta kai ta."

Kun ji inda maganar ta samo asali. Shi ya faɗa musu lafiya lau, su suka maimaita, shi kuma ya kafa hujja da su. Maganarsa ce ta je birni ta dawo da rigar likita, ya tarbe ta kamar baƙuwa. Har yau in na tuna sai na yi istigfari.

Wata safiya ya zo gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, duk da yanzu ba mai amsa masa. Sai wayarsa ta yi ƙara. Na ji muryar mace tana sallama, tana cewa daga wajen masu bibiyar tansiyo ne, yaya jikin tsohuwa. Saƙon Majo ashe bai kai ba, ko ya kai bai samu mai karantawa ba. Kawunku ya buɗe baki ya rufe. Na miƙa hannu. Ya sa mini wayar a tafin hannu.

Na ce, "Baiwar Allah, ga mai jikin, ki tambaye ta da kanki."

Na kara wayar a bakin Inna. Matar ta ce, "Inna, ina kwana? Yaya ƙarfin jiki?" Inna ta yi ƙoƙari, wallahi ta yi ƙoƙari, jijiyar wuyanta ta tashi. Abin da ya fito wani gurnani ne mai tsawo, da miyau. Ni da na san ta, na san "lahiya lau" take son cewa.

Can na ji matar ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun yaushe? Wa ke magana?"

"Ɗiyarta ce."

"An ce mu nemi mara lafiyar da kanta," in ji ta. "Kullum in na nema sai a ce ba ta kusa. Mutane da yawa gare ni, Hajiya. Ban taɓa jin muryarta ba sai yau."

Ta yi kuka, na ji ta. Ban zage ta ba, ita ma 'yar wani ce, an ba ta waya da jerin tambayoyi an ce ta yi sauri. Na miƙa wa kawunku wayarsa. Na ɗauka ranar zai ce wani abu. Ya goge ta da hannun riga, ya sa aljihu, ya kalli ƙasa ya ce, "Da kin bar ta gida." Ya tashi ya fita.

Daga ranar ba a sake kira ba. Ba wanda ya zo daga birni ya ga Inna, ba wanda ya dawo ya tara mu ƙarƙashin bedin nan ya faɗa mana abin da binciken ya gano, alhali a nan aka tara mu ranar da ake neman yardarmu. Ban san me suka rubuta ba, ban san cikin waɗanne aka lissafa uwata ba, waɗanda hanyar ta yi wa amfani ko waɗanda ta kayar. Ba na ƙin bincike. Maganin da ya riƙe Inna shekaru ai bincike ne ya samo shi. Amma wanda zai gwada sabuwar hanya a jikin iyayen mutane, ya zauna tukuna ya sha ruwan gidan, ya ga wa ke shiga ɗaki, wa ke tsayawa a ƙofa. Majo kaɗai ya riƙa zuwa in ya tashi aiki, ya durƙusa gabanta yana tsokanarta, ita tana binsa da ido ɗaya.

Inna ta kai har bayan girbin gero. Ta cika da hantsi, kanta bisa cinyata, ina karanta mata kalmar shahada tana motsa leɓe. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara. Mu muka yi mata wanka da hannunmu, aka yi mata sutura yadda addini ya ce, jama'a suka cika ƙofar gida, har da masu gaisuwa ta kan katanga.

Tsakanina da kawunku yanzu gaisuwa ce kawai, ta sallah da ta mutuwa. Abin da na biya ke nan, ɗan'uwa guda da nake da shi. Na san abin da ya sa ya riƙe maganarsa: in ya sake ta, sai ya ɗauki abin da ba zai iya ɗauka ba, ga tsufa. Don haka ban ce ku je ku yi masa gardama ba. Ku gaishe shi, ku durƙusa masa, in ya yi ciwo ku je dubiya, ku shiga har cikin ɗaki ku duba shi da idonku. Amma ban taɓa neman gafarar kowa a kan amalanken nan ba, kuma ba zan nema ba. In kuka sake ji an ce uwarku ce ta ɗauki Inna ta kai gidan likita, kada ku sunkuyar da kai, kada idonku ya yi ja. Ku ce ƙwarai, ita ta kai ta. Ita kaɗai.